Taƙaitaccen Sharhi Kan Fannin Katakon Yanka

Katakon yanka, a luggance, katako ne da ake yanka abu a kansa. A isɗilahin masana fannin kuwa, shimfiɗaɗɗen itace ne wanda magidanci mai cikakken hankali yake ɓata Asabar huɗu yana yi wa hidima, in ya gama kuma ya hana kowa kusantarsa da wuƙa. Tsakanin ma'anar farko da ta biyu akwai tafiyar shekara shida, wadda na yi a bayan gidana ƙarƙashin rumfar kwano, ina shaƙar ƙura. Abin da na tsinto a hanya shi zan shimfiɗa a nan, don kada ilimin ya bi ni kabari.

Tun farko dole a rarrabe mai wannan fanni da kafinta, domin jahilai suna yawan haɗa su. Kafinta yana aiki a biya shi. Mai sha'awa shi ke biya don ya samu ya yi aikin. Ka ba kafinta falanki ɗaya da hantsi, kafin azahar ya miƙo maka katakon yanka goma sha biyu, ya yi wa yaronsa benci da ragowar. Ka ba mai sha'awa falankin nan, sai ya jingina shi a inuwa ya yi wata biyu yana zagaya shi yana shafa haɓa. Turawa suna da kalma guda ta irin wannan aiki da ba wanda ya sa ka, ba wanda zai biya ka. Na nemi takwararta a Hausa wajen uwargida, ta ba ni har uku, amma babu wadda za ta iya shiga rubutu.

Ta fuskar tarihi, Amurkawa suna kafa hujja da shekarar 1887. A garin Effingham na jihar Illinois, wani maƙeri mai suna Conrad Boos ya yanko gungume ya yi masa ƙafafu uku don ya riƙa shanye dukan gudumarsa. Wani mahauci ya gani ya ce shi ma yana so. Ɗan maƙerin, John, ya gyara masa irinsa, kuma kamfanin da ke ɗauke da sunan John Boos har yau yana sayar da katakon yanka. A can, wannan shi ake kira ƙirƙira. A nan mahauci ya ga kututture, ya ɗora cinyar saniya, ya sara, bai rubuta shekara ba. Sakacin rubuta shekara ya jawo mana asarar ƙirƙire-ƙirƙire da dama.

Wanda bai fahimci tsintsiya ba ba zai fahimci katako ba. Itace damin zaruruwa ne da suka tashi daga saiwa zuwa sama, kowane da ɗan rami a cikinsa inda ruwa ke bi, an ɗaure su wuri guda kamar tsintsiya. A kan yadda za a fuskantar da wannan tsintsiya ga wuƙa ne malaman fanni suka rabu gida uku, kuma har gobe ba sa ga maciji.

'Yan fuska suna ɗaukar falanki yadda ya fito daga injin tsaga, su yanke, su goge, shi ke nan. Aikin yini ɗaya ne, don haka sauran ba su ɗauke su a bakin komai ba. 'Yan gefe suna tsaga falankin sili-sili, su juya kowane sili ya kwanta a kan haƙarƙarinsa, su manne su. Katakonsu ya fi kauri, ya fi jure lanƙwasa. Amma a duk biyun tsintsiyar a kwance take, wuƙa tana saran zaruruwa a gicciye, ta bar tabo. Sai gida na uku, 'yan tsaye, waɗanda suke tsayar da tsintsiyar a kan gindinta, bakin wuƙa ya riƙa shiga tsakanin zaruruwa, in an ɗaga su koma su haɗe. Wuƙa ba ta saurin dakushewa, tabo ba ya saurin bayyana. Gungumen mahauci ɗan wannan gida ne tun fil'azal, ko da yake bai sani ba. Ra'ayi mafi rinjaye shi ne na 'yan tsaye, bisa dalilin cewa hanyarsu ta fi wahala, ta fi cin gam, ta fi cin mai, kuma ta fi saurin tsagewa. Ni ɗan wannan gida ne.

Mas'alar zaɓen itace ta fi kowace faɗi. A 1906 wani masani ɗan Ostiriya, Gabriel Janka, ya fito da hanyar auna taurin itace, wadda aka daidaita ta daga baya: a samo ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 11.28, a danna shi cikin katako har ya nutse rabi, a rubuta ƙarfin da aka sha. Kafin wannan, mutane suna danna farce ne, kuma sakamakon bai cika bambanta ba. A ma'aunin Janka, itacen mapul mai tauri, wanda shi ne limamin katakon yanka a Amurka, yana da fam 1,450. Baƙin walnot 1,010, ceri 950. Abin da ake nema shi ne tsaka-tsaki: in itace ya yi laushi wuƙa ta haƙa masa rijiya, in ya yi tauri ya cinye wuƙar. Sharaɗi na biyu ramukan su zama ƙanana. Jan oak yana da tauri daidai, amma ramukansa manya ne har mutum zai iya tsoma kan guntunsa a ruwa ya hura ɗaya kan, kumfa ya taso. Itacen da iska ke ratsawa, romon kaza ma zai ratsa.

To, mapul ba ya tsiro a Na'ibawa, unguwar masu sayar da katako. Mai sha'awa na ƙasar Hausa yakan kwana yana kallon Turawa a YouTube suna shafa walnot, gari ya waye ya tafi 'yan katako, inda aka raba itatuwan duniya kashi biyu: fari da ja. Wannan rabe-rabe ya fi na Janka sauƙin haddacewa. Farin, irin su obece, farce ma yana shigarsa. A cikin namu na gida, rimi da gawo sun yi laushi. Kirya kuwa turmi ake yi da ita da gawayin maƙera, in ka ɗora mata wuƙar kicin sai dai ka shirya zuwa wajen mai washi duk Juma'a. Maɗaci yana da kyan launi, amma ramukansa a buɗe suke, sunansa kuma bai ƙarfafa wa mai girki gwiwa ba. Tik yana jure ruwa, sai dai akwai sinadarin yashi a jikinsa da ke lasar bakin ƙarfe. Loko, wato iroko, yana da 1,260, ya faɗa daidai inda ake so, illarsa ƙurarsa tana sa tari da ƙaiƙayi, sai da takunkumi. Madobiya ta fi su kyau duka, kyan da ya jawo mata masifa: an yi ta jigilarta zuwa Sin har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu daga farkon 2017. Wanda ya yanka albasa a kan madobiya yanzu, ya san cewa da shi da masu kwantena jirgi ɗaya ya kwaso su.

Akwai biyu da nake girmamawa. Tsamiya, wadda mahautan Tailan suke yanka gungumenta faifai-faifai su yi sara a kai. Da aduwa, wadda masassaƙanmu suka daɗe suna fitar da allo daga jikinta: itace mai matsattsen jiki da ake wankewa kullum shekara da shekaru bai ce uffan ba. Duk abin da ake nema a katakon yanka, almajiri yana rataye da shi.

Abu guda ne babu saɓani a kansa. Katakon rufi da aka shafe da baƙin mai ko maganin gara ba ya halatta, ko da kyauta aka ba ka.

Daga nan sai bushewa. Ban taɓa tambayar mai katako ko kayansa sun bushe ya ce a'a ba. Ƙa'idar masana ita ce katakon da aka shanya a iska yana buƙatar kimanin shekara guda ga kowane inci na kaurinsa, ƙa'idar kasuwa kuma ita ce ya bushe tun a mota. Ko wanda ya bushe ɗin ma ba ya zama lafiya, domin itace ko ya mutu bai daina shan iska ba. In laimar iska ta kai kashi 80 cikin 100, kamar yadda takan yi a Agusta, katako yana riƙe ruwa kusan kashi 16 na nauyinsa. In hunturu ya kankama laima ta sauko kashi 20, ruwan jikinsa yakan koma ƙasa da kashi 5. Yana kumbura yana motsewa ta faɗi, ta tsawo kuwa kusan ko gezau. Baturen da ya rubuta littafin da kake bi bai san da wata ƙasa da katako zai yi wannan doguwar tafiya sau biyu a shekara ba.

Katakona na farko na haɗa shi a Satumba. Wani daren Janairu, wajen ƙarfe biyu, muka ji tas! daga kicin. Uwargida ta dafa ni.

"Baban Abba, tashi, an shigo."

Na ɗauki taɓarya na fita da addu'a a bakina. Ba kowa. Katakon ne ya rabe gida biyu a kan kanta, tsagar ta bi ta tsakiya kamar an ja da rula. Na tsaya ina yi mata bayanin laima da zaruruwa. Ta ce da ɓarawo ne da ya fi, ko ba komai shi zai tafi da shi.

Yadda ake haɗa na tsaye kuwa, ga shi a taƙaice. A tsaga itace kala biyu sili-sili, faɗin inci ɗaya da rabi. A goge gefunan har in an haɗa biyu an ɗaga sama haske ba ya ratsawa. A jera su, ja da fari, ja da fari, a shafa gam mai jure ruwa, irin Titebond III da aka amince da shi kusa da abinci, a matse, a bar shi ya kwana. Washegari a ɗauki wannan falanki da aka sha wahalar mannewa a sake yanka shi a gicciye. A nan ne maƙwabta suke fara tambayar iyali ko lafiya. Kowane yanki a tayar da shi tsaye, a juya na biyu kai ya koma ƙafa don launukan su sassaɓa kamar allon darafti, a sake shafa gam, a sake matsewa, a sake kwana. Ƙarafan matsi ba su taɓa isar kowa ba. Mai huɗu yana neman shida, mai goma yana aro. Ni nakan cike giɓin da robar ɗaure kaya a babur da bulo biyu, kuma har yau gam bai gane bambancin ba.

Gargaɗi: kada a kuskura a tura katakon tsaye cikin injin shafe katako. Haƙoran injin suna kama kan zaruruwa su fizge, katakon ya dawo da gudu ta inda ya shiga, inda galibi cikin mai shi yake. Da samfefa ake daidaita shi.

Samfefa ita ce rabin fannin, wasu sun ce kashi biyu cikin uku. Tana da lambobi, kuma ba a tsallake: 80, sannan 120, sannan 180, sannan 220. Kafin kowace lamba a zazzana fensir a fuskar katakon, a goga har zanen ya ɓace. Katakon tsaye yana da taurin kai wajen guga, abin da na kwance zai ɗauka a minti goma shi sai ya ci awa. In wuta ta ɗauke, wanda bincikena ya nuna tana yi ne daidai lokacin da aka kai lamba 120, sai a naɗe samfefar a guntun katako a ci gaba da hannu. Da an kai 220, katakon ya yi santsi kamar kumatun jariri, sai a jiƙa tsumma a shafe shi. In ya bushe za a ji ya koma kaushi, domin zaruruwan da samfefa ta kwantar sun sha ruwa sun miƙe. A sake gogewa. Hikimar ita ce a ɓata aikin da hannun kai tun kafin mai wanke-wanke ta ɓata shi.

Babin mai shi ne inda aka fi zubar da zumunci. Man gyaɗa da manja suna shiga katako da kyau, bayan 'yan watanni su lalace a ciki, katakon ya yi danƙo ya riƙa warin tsohuwar tukunyar ƙosai. Fenti da banish suna zama a sama ne, wuƙa ta farfashe su, a ci a miya. Jamhurun masana sun tsaya a kan farin man farafin na sha, wanda ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, ba ya lalacewa. A lura: na sha. Ingilishi suna kiran kananzir ma da wannan suna, kuma ba a so almajirin fanni ya gano bambancin a bakin murhu. Shi na shan a kemis ake samunsa, domin asalin aikinsa sassauta cikin wanda bayan gida ya ƙi masa. Katakon tsaye kuma shan mai gare shi kamar tsohuwar mota. Ranar da na je na ce a ba ni kwalba shida, mai kemis ya dube ni ta saman tabarau, ya sassauta murya.

"Alhaji, kwana nawa ke nan?"

Na ce wata uku ina fama, amma yau nake sa ran gamawa.

Ya ƙulla mini su a baƙar leda, ya rako ni har bakin ƙofa yana Allah ya sawwaƙe, ya ƙi karɓar kuɗin ɗaya.

Duk wanda ya tambayi dalilin wannan wahala, amsar tana cikin minti ɗaya, kuma a wannan wuri zan ajiye wasa. Katakon da ya sha samfefa fari-fari yake, fururu, kamar ƙafar yaro da hunturu. Ka tsiyaya man a tsakiya, ka baza da tafin hannu. Nan take jan ya nutse ya koma kalar dabino, farin ya koma zuma, zoben shekarun itacen su fito ɗaya bayan ɗaya a cikin kowane ɗan murabba'i, na daminar da aka samu ruwa da faɗi, na shekarar fari a tsuke. Man yana tsayawa yana ƙyalli, sai ka ga ya dushe, katakon ya shanye. Ka ƙara. Ya shanye. Haka har ya ƙoshi ya fara mayarwa. Daga nan a narka kakin zuma kashi ɗaya cikin mai kashi huɗu, a kwano bisa ruwan zafi, in ya huce ya yi kamar man shanu a murza a goge da tsumma. In ka ɗiga ruwa sai ya dunƙule ya gangara. Mutum yakan kira iyali su zo su gani. Sukan zo karo na farko.

Ta ɓangaren lafiya, fannin yana da hujja guda wadda kowane mai sha'awa ya haddace. A farkon shekarun 1990, Dean Cliver da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin suka tashi neman yadda za a tsabtace katako ya kamo roba. Suka zuba ƙwayoyin cuta irin su Salmonella a kan duka biyun. A kan katako, cikin minti uku fiye da kashi 99 cikin 100 sun ɓace daga sama, itacen ya zuƙe su ciki inda ba sa yaɗuwa. A kan roba suna nan, wadda wuƙa ta farfasa kuma wankin hannu ba ya fitar da su duka. An buga sakamakon a 1994. Wannan bai ɗauke wa kowa wanki da sabulu ba, bai kuma halatta yanka latas inda aka gama fiɗar kaza ba. Ba a jiƙa katako a baho, ba a kwantar da shi a jiƙe, a tsaye ake shanya shi iska ta bi ta fuska biyu. In ya ɗauki warin albasa, gishiri da lemon tsami. Mu dai muna karanto Cliver ga duk baƙon da ya zauna, alhali babu ƙwayar cutar da ta taɓa samun damar hawa katakonmu, tunda nama bai taɓa hawa ba.

Don cika sharaɗin bincike na kai katakona mafi kyau wajen mahaucin unguwarmu. Ya goge hannu a riga kafin ya karɓa, ya juya shi, ya shinshina.

"Yallaɓai, wannan ai na jeren amarya ne."

Na tambaye shi wane mai yake shafa wa nasa gungumen. Ya ce kitse yana shafa kansa. Da yamma ya kankare saman da wuƙa, ya watsa gishiri, ya kifa masa tsohon daro saboda karnuka. Gungumen na gado ne, tsakiyarsa ta lotsa kamar turmi. Lambar samfefa kuwa, ya ce bai san ana yi mata lamba ba.

Saura gwaji na ƙarshe, wanda shi ne ya fi ba masana tsoro. Inna, mahaifiyata, ta haura saba'in, kuma ba ta taɓa yanka kayan miya a kan wani abu ba. Kuɓewa a hannun hagu, wuƙa a dama, babban yatsa shi ne katakon. Tana yi tana sauraron rediyo tana faɗa da jikoki, yankan yana zuba a faranti sirara kamar an auna. Albasa takan tsattsaga ta a tafin hannu ta bi ta gicciye. Alayyafo ta dunƙule shi ta yi ta shafta. Yatsan nan ya shekara sittin yana aiki, ba a taɓa shafa masa farafin ba, bai taɓa tsagewa da hunturu ba. A ma'aunin Janka ban san inda zai faɗa ba, domin ta ƙi tsayawa a gwada.

Da Sallah na kai mata katakon loko da farin itace, murabba'i 96, wata biyu ina yinsa. Ta karɓa da hannu biyu ta sa albarka, ta ce Allah ya sa a gama lafiya, wanda na ɗauka addu'a ce ga aikin gaba.

Bayan damina na koma. Na duba kicin ban gan shi ba, na duba bango ban gan shi ba. Sai da na je shan ruwa na same shi a bakin randa. Wata huɗu fuskarsa ta ƙasa tana shan laima, ta sama tana shan iska, ƙasan ya kumbura, gefunan suka ɗago, ya lotsa a tsakiya daidai yadda littafi ya ce zai yi. Na buɗe baki zan fara bayanin zaruruwa.

"Kai, bar shi haka nan," in ji Inna. "Da farko moɗa gangarowa take yi. Yanzu ya gyaru."